Cigiyar Dangin Sojan Da Bai Dawo Ba

Duk sojan da ya faɗi a fagen daga yakan bar suna biyu a takarda. Na farko nasa ne, tare da lambarsa da rundunarsa da ranar da ya kwanta dama. Na biyu kuwa sunan wanda ya ce a sanar idan ta Allah ta kasance: uwa, ko mata, ko wa, wani lokaci ma sunan mai gari kawai. Masu rubuta tarihin yaƙi da na farkon suka damu, shi ake sassaƙawa a dutse, shi ake karantawa ranar tunawa da mazan jiya. Na biyun yana nan kwance a ƙasan shafi, alhali shi ne mutumin da yaƙin ya ci gaba da ci bayan an daina harbi.

A 'yan shekarun nan an sami mutane da yawa da suka duƙufa wajen bin sawun wannan suna na biyu. Wasu ma'aikatan gwamnati ne, wasu malaman jami'a, wasu kuma masu sha'awa ne kawai da suka tsinci wasiƙa ko lambar yabo a kasuwar tsofaffin kaya, suka ce sai sun mayar da ita gidan da ta fito. Tunda an zuba takardun haihuwa da na aure da na ƙidaya a intanet, aikin da a da yake cin shekaru yanzu yana iya ƙarewa a mako guda. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan shekara tamanin ko ɗari ta wuce, baƙo ya zo da takarda a hannu yana neman jikokin matar wani soja, nauyi yake saukewa ko kuwa tsohon miki yake famawa? Wa ya ba shi izini? In kuma ya same su, me ya rataya a wuyansa?

Yadda ake bin sawu

Mu fara da inda aikin ya fi tafiya daidai. A daren 19 zuwa 20 ga Yuli 1916, sojojin Ostareliya da na Birtaniya suka afka wa Jamusawa kusa da ƙauyen Fromelles a arewacin Faransa. Kafin gari ya waye Ostareliya ta yi asarar mutum fiye da 5,500 tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata da waɗanda aka kama. Jamusawa suka kwashe wasu gawarwakin suka binne a manyan ramuka bayan layinsu, aka manta da wurin. Wani malamin makaranta na birnin Melbourne mai suna Lambis Englezos ya yi shekaru yana gwada lissafin waɗanda suka ɓace da na waɗanda aka binne, yana duba takardun ƙungiyar Red Cross da hotunan da jiragen sama suka ɗauka a lokacin, har hukumomi suka yarda a haƙa. A 2009 aka tono gawa 250, aka sake binne su ɗaya bayan ɗaya a sabuwar maƙabartar da aka buɗe ranar 19 ga Yuli 2010.

Sai dai ƙashi ba ya faɗin sunansa. Don a san wane ne wane, sai an gwada ƙwayar halittarsa da ta danginsa masu rai. Yawancin samarin nan sun mutu ba su yi aure ba, saboda haka ba su bar 'ya'ya ba. Dole masu bincike suka koma baya: su nemo ɗan'uwan sojan su bi 'ya'yansa maza har zuwa yau, ko su nemo 'yar'uwarsa su bi 'ya'yanta mata, domin akwai alamar halitta da ke bin jinin uba zuwa ɗa, akwai kuma wadda uwa kaɗai ke miƙawa. Bin layin mata shi ya fi wuya, saboda a can mace kan ɗauki sunan mijinta, ke nan kowane aure yana sauya sunan da ake nema. Da takardun aure da na mutuwa da sanarwar jaridu aka riƙa ɗinke zaren, har aka gane fiye da mutum 160 daga cikin 250, aka rubuta sunayensu a kan kaburburansu.

Abin lura a nan shi ne, sojan da ya shekara casa'in a rami ba suna, ta hannun jikanyar ƙanwarsa ya sami sunansa, matar da wataƙila ba ta taɓa jin labarinsa ba. Wannan ya nuna cewa mamaci ba ya tsayawa shi kaɗai. Sai ta hanyar waɗanda ya bari ake iya kaiwa gare shi.

Takardun namu kakannin

Mu ma muna da namu a waɗancan yaƙe-yaƙe. A ɓangaren Faransa akwai rundunar da aka kafa a 1857 aka kira ta 'yan bindigar Senegal, ko da yake daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ake ɗibar mutanenta. Kusan mutum dubu 30 daga cikinsu suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ɓangaren Ingila kuwa, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ƙunshi mutanen Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, su suka yi yaƙin Bama da Japanawa a 1944 da 1945. Har yau sunayen wuraren da suka yi gumurzu suna nan a barikoki: Dodan da Myohaung a Legas, Kaladan a Tamale, ga kuma babban sansanin soja na Akra da ake kira da sunan Bama ɗungurungum. Hausa ce harshen da aka daɗe ana ba da umarni da shi a cikin rundunonin Najeriya da na Gana, kuma zangon Kumasi da na Akra suna da tsofaffin gidajen da soja ya kafa.

To amma wanda ya shiga neman dangin ɗaya daga cikin waɗannan mazaje zai tarar da katanga tun a kan suna. Akawun da ke ɗaukar sabbin sojoji yakan tambayi sunan mutum, ya haɗa masa da sunan garinsu ko ƙabilarsa, shi ke nan. Sojan rundunar Gana da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a yaƙin 1914, a ƙasar Togo, sunansa a takarda Alhaji Grunshi, kuma Grunshi sunan ƙabila ne. Ka ɗauka an rubuta wani Musa Kano ko Garba Damagaram. Musa nawa ne a Kano a 1942? Ƙila ma ba ɗan birni ba ne, daga wani ƙauye mai nisan kwana biyu ya fito, ya faɗi sunan birnin don shi Bature ya sani. Wani kuma da gangan ya sauya suna don kada iyayensa su biyo shi su mayar da shi gida. A takardun Faransa sau da yawa za ka ga an rubuta cewa an haifi mutum "wajajen" shekara kaza, a gunduma kaza, ba rana ba wata. Kunnen Bafaranshe da alƙalaminsa kuma suka juya sunan yadda ko uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

Wannan ma ga waɗanda aka rubuta ke nan. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda aka kafa a 1917, ta yi alkawari tun farko cewa kowane mamaci za a tuna da shi da sunansa, ba bambancin muƙami ko launi ko addini. A Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar da kanta ta naɗa ya fitar da rahoto cewa an saɓa wannan alkawari bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum dubu 45 zuwa dubu 54, galibinsu 'yan Indiya da Afirka, ba a karrama su daidai da Turawa ba. Wasu aƙalla dubu 116, ƙila ma har dubu 350, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, ko kuma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Ministan tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya nemi gafara. Rahoton ya kawo maganar gwamnan Gana na zamanin mulkin mallaka, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba, balle ya ga darajarsa.

"Ai mu ba ma rubuta suna a kabari"

Maganar gwamnan nan tana da ɗaci, amma bai kamata mu wuce ta da fushi kawai ba, domin akwai namu da za su faɗi kusan irinta. Za su ce: shiga maƙabartar Maraɗi ko ta Katsina ka gani, tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya ko ɗan itace. Damina uku ta wuce, ko ɗan mamacin sai ya yi ta lalube. Ba mu saba gina kabari ba, ba mu saba kai furanni ba. Me zai sa mu damu don Bature bai sassaƙa sunan kakanmu a dutse ba? Wanda ya mutu ya riga ya tarar da abin da ya aikata, dutse ba ya ƙara masa komai.

Gaskiya ne dutse ba ya ƙara wa mamaci komai. Amma mai wannan magana ya manta inda muke ajiye matattunmu. Bahaushe a baki da zuri'a yake ajiye su. Idan uba ya rasu aka haifi jika, sai a mayar masa da sunan, a riƙa kiransa Abba ko Baba ko Baffa don kunyar faɗin sunan kai tsaye. Ana yin sadaka da sunan mamaci, ana sa shi a addu'a, ana raba gadonsa, matarsa ta yi takaba, a ce wa yara ga ranar da ya rasu, ga wanda ya yi masa wanka, ga wanda ya sallace shi. Duk waɗannan suna bukatar abu guda: a san cewa ya mutu, a san yaushe, a san a ina. Iyalin da suka binne nasu da hannunsu suka bar kabarin ba alama, zaɓi suka yi, kuma sun san abin da suka sani. Iyalin da aka ɗauke wa ɗa aka kai shi bayan teku, aka binne shi ba a aiko musu ko da saƙon baki ba, an hana su abin da za su yi zaɓi a kansa. Gwamnan ya duba maƙabartarmu ya ga ba dutse, sai ya ɗauka ba tunawa. Da ya tsaya ya saurari sunayen yaran gidan da ya ji sunan mamacin yana yawo a tsakar gida.

Saboda haka amfanin takarda a wurinmu ya wuce ado. Ita ce ke ba iyali damar yin abin da al'adarsu da addininsu suka ɗora musu.

Wadda aka bari tana jira

A duba halin matar sojan da ba a ji ɗuriyarsa ba. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin nauyin wannan hali, shi ya sa suka ware babi guda don wanda ya ɓace. Hukuncin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne matar ta kai ƙara, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Hikimar ita ce kada a bar mace rataye har abada. Dokar yaƙi ta zamani ma ta zo kan wannan gaɓa: ƙarin yarjejeniyar Jeniba na 1977 ya ambaci hakkin iyalai na sanin makomar danginsu a fili. Amma hukunci yana kwance igiyar aure ne kawai, ba ya kwance zuciya. Uwar da ba ta ga gawa ba, ba ta kuma ji daga wanda ya gani ba, takan mutu tana sauraren sallama a ƙofar gida.

Wani lokaci kuma takardar tana nan, amma ƙarya ta faɗa. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamusawa, don sun nemi a biya su kuɗinsu kafin a sallame su. Rahoton hukuma ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70, masana tarihi irin su Armelle Mabon suna ganin adadin ya kai ɗaruruwa. A maƙabartar sojan da ke wurin akwai kaburbura 202 marasa suna. Biram Senghor yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa M'Bap Senghor a ranar. Takardun farko sun nuna uban a matsayin wanda ya gudu daga soja, sai daga baya aka gyara. Ɗan ya girma, ya tsufa, yana rubuta wasiƙu yana neman a faɗi gaskiya. Sai a 2024, shekara tamanin bayan abin, Faransa ta amince a rubuta shida daga cikin mamatan a jerin waɗanda suka mutu dominta, kuma shugabanta Emmanuel Macron ya kira abin da ya faru da sunansa, wato kisan kiyashi.

Ka auna abin da kalma ɗaya a takarda ta yi wa wannan gida. "Ya gudu" tana nufin ba diyya, ba girmamawa, ga kuma abin gori da yaro zai tashi da shi. Mai binciken da ya tono gaskiya a irin wannan wuri ba shisshigi ya yi ba. Ya mayar wa marayu da mutuncin ubansu ne.

Kaza da wuƙar yanka ta

Duk da haka, ba kowane tono ne alheri ba, kuma masu wannan aiki sukan yi saurin mantawa. Hausawa sun ce garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. A nan ma abin ya fi haka muni, domin mai tonon daban, wanda wuƙar za ta yanka daban.

A ɗauka mai bincike ya gano cewa sojan ya rubuta wata mace a matsayin matarsa, a wani gari da rundunarsa ta yi zango, alhali iyalinsa na gida ba su san da ita ba. Ko ya gano cewa matar da aka bari ta haihu wata goma sha huɗu bayan tafiyar mijin, kuma jikokin wannan ɗan suna alfahari da jinin soja har yau. Ko kuɗin da aka aiko wa uwar mamacin wani kawu ne ya sa hannu ya karɓa ya yi shiru. Ko sojan ba a fagen daga ya mutu ba, kotun soja ce ta yanke masa hukunci. Duk waɗannan abubuwa ne da takarda ke iya ɗauke da su. Mamacin ba ya nan balle ya kare kansa. Matar ba ta nan balle ta faɗi yadda aka yi. Waɗanda ke raye kuwa ba su nemi a zo a sake rubuta musu asali ba.

Ga kuma wani abu: sojan ya shiga tarihi ne ta hanyar aikin hukuma, sunansa ya zama na jama'a. Matarsa da ƙanwarsa da jikarsa ba su sa hannu a wannan ba. Don sunan mace ya fito a ƙasan takardar soja bai mayar da rayuwarta kayan kowa ba. Mai binciken da ya samo sunan jika da garinsu da hotonta ya watsa a Facebook don a yaba masa ƙwazo, ya ɗauki abin da ba nasa ba. Sau da yawa sha'awar warware ƙulli ce ke jan mai bincike, kamar mafarauci da ya ga sawu. Ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin aikinsa, amma a ƙarshen sawun mutane ne ke zaune da zamansu.

To ina mafita? Ni a ganina ba a barin neman ba take, tana cikin sanin wa ake yi wa aikin. Abin da mai bincike ya samo amana ce a hannunsa, ta iyalin ce kafin ta zama tasa ko ta jama'a. Amana kuwa ana kai ta ga mai ita da sallama. A fara da babban gida, a faɗi wane ne kai da abin da ya kawo ka, a tambaya ko suna son ji. Labarin mutuwa da wurin kabari hakkinsu ne, ba a ɓoye shi. Abin da ya shafi sirrin aure da nasaba kuwa, a auna shi da ma'auni biyu: akwai mai rai da ake tauye wa hakki idan aka yi shiru? Akwai mai rai da za a tozarta ba tare da wani amfani ba idan aka faɗa? Idan akwai 'ya'yan da aka hana sanin ubansu ko gadonsu, shiru zalunci ne. Idan kuwa faɗin ba zai gyara komai ba sai dai ya zubar da mutuncin tsohuwar da ta daɗe a ƙasa, rufin asiri ya fi. Kuma in iyali suka ce a bar maganar, a bar ta. Hakkin sani yana tafe da hakkin ƙin sani.

Akwai bambanci tsakanin asirin iyali da asirin hukuma, kuma kada a bari a cakuɗa su. Gwamnatin da ta ɓoye adadin waɗanda ta kashe ba ta da hurumin fakewa da cewa tono zai tayar da hankali. Rufin asiri na mai rauni ne. Mai ƙarfi bayani ake bin sa.

Wasiƙar da ta isa bayan shekara sittin da bakwai

Akwai labarin da ke nuna yadda aikin yake idan an yi shi da ladabi. Isaac Fadoyebo ɗan ƙasar Yarabawa ne, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka kai shi Bama cikin ma'aikatan jinya na runduna ta 81. A watan Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, aka kashe abokan aikinsa da dama, shi kuma aka harbe shi a ƙafa aka bar shi a matacce. Shi da wani ɗan Saliyo mai suna David Kargbo suka rayu saboda wani manomi Musulmi na yankin, Shuyiman, ya ciyar da su, daga baya ya ɓoye su a gidansa, alhali ya san in Japanawa suka gane kashe shi za su yi. Wata tara suka yi a ɓoye kafin a cece su. Fadoyebo ya koma gida, ya yi aiki a Legas, ya tsufa da abu guda a ransa: bai yi wa mutumin nan godiya yadda ya kamata ba.

Ɗan jaridar Birtaniya Barnaby Phillips ya ci karo da rubutun Fadoyebo, ya neme shi a Legas ya same shi da rai. A 2011 ya ɗauki wasiƙar godiyarsa ya tafi Bama yana tambaya ƙauye-ƙauye a bakin kogin, har ya sami 'ya'ya da jikokin Shuyiman. Shi Shuyiman ya riga ya rasu, amma iyalinsa suna riƙe da labarin baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu. Aka karanta musu wasiƙar. Fadoyebo ya rasu a 2012, bayan ya ji cewa saƙonsa ya isa.

Abu biyu nake so a ɗauka daga nan. Na ɗaya, mai neman ɗan aike ne, akwai wanda ya aike shi, kuma abin da ya kai alheri ne da masu shi suka yi maraba da shi. Na biyu, takarda ta kai shi bakin kogi ne kawai. Daga nan bakin mutane ne ya ƙarasa da shi. Gidan Shuyiman ba su da ma'ajiyar takardu, amma sun ajiye labarin shekara sittin da bakwai ba tare da ya ɓace ba.

Abin da ya rage mana

Wannan darasi na biyu ya fi shafarmu. Sunayen mutanenmu suna warwatse: wasu a bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka rubuta kusan mutum dubu 27 da ba a san kabarinsu ba, wasu a shafin intanet na ma'aikatar tsaron Faransa mai suna Mémoire des hommes, wasu a gidajen adana takardun tarihi na Dakar da Kaduna da Akra da Yamai. Rabin labarin ke nan. Ɗaya rabin yana bakin tsofaffin da ke cewa "wan babanmu ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba". Takarda ta san lamba da rana amma ba ta san gida ba. Tsohuwa ta san gida da laƙabi da tsagar fuska amma ba ta san rana ba. Sai an haɗa su biyun ake samun mutum. Takarda za ta iya jira, tsohuwa ba za ta jira ba.

Mu da ke aikin rediyo mun san ƙarfin sanarwar cigiya. Ana karanta sunan mutum da garinsu da shekarar da ya bar gida, kafin mako ya zagayo wani ya kira daga Agadas ko Garwa ko Kumasi ya ce ya san shi. Abin da muke yi wa ɗan cirani da almajirin da ya ɓace za mu iya yi wa sojan 1944, in dai an kiyaye sharaɗin da na ambata: a nemi yardar iyali kafin a saki sunan mai rai a iska. Kowane mai karatu kuma yana da wayar da ke ɗaukar murya. Zama ɗaya da kaka, a tambaye ta sunan wanda ya tafi, sunan uwarsa, wa ya ɗauke shi, daga wane gari, wa aka mayar wa sunansa, ya isa ya zama zaren da wani zai kama nan gaba.

Maganar kuma ba ta tsaya kan yaƙin Turawa ba. Ranar 10 ga Disamba 2019 sojojin Nijar 71 suka faɗi a Inates. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, wasu 89 suka faɗi a Chinagodrar. A yankin tafkin Chadi sojojin ƙasashe huɗu suna ta faɗuwa fiye da shekara goma. Kowanensu ya bar suna na biyu a takarda, kuma masu waɗannan sunaye suna raye a cikinmu, wasu da goyo a baya. Yaran nan za su girma su yi tambaya. Idan muka ga laifin akawun Bature da ya rubuta Musa Kano ya wuce, to a yau alƙalamin yana hannunmu. Cikakken suna, sunan uwa da uba, ƙauye, rana, wurin da aka binne shi, da saƙo zuwa ga iyali daga bakin mutum mai mutunci kafin su ji a waya: wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ƙasa za ta biya wanda ya ba ta ransa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, Ya ba waɗanda suka jira su ladan haƙuri.